Tsakanin Faranti da Batir: Abin da Na Koyo a Kwalekwalen Kawu

 

Na san wani zai ga kan maganar nan ya yi murmushi, ya ce me ya haɗa mutumin Manhyia da kwalekwale, mu da ba mu da wani ruwa a Kumasi in ban da rafin Subin da na Aboabo, waɗanda ko agwagwa ba ta marmarin iyo a cikinsu. Gaskiyarsa. Amma kifin bandar da ake zuba mana a miya ba daga sama yake faɗowa ba. Da yawansa daga Yeji yake fitowa, can bakin tafkin Volta, ya biyo ta Atebubu da Ejura da Mampong ya sauka a kasuwanninmu, wato dai hanyar da fatake kakanninmu suka riƙa bi da goro zuwa Salaga tun ba a yi mafarkin tafki a wurin ba. Gidaje da dama a Zango suna da ɗan'uwa a can, wani masunci, wani dillalin kifi, wata mai banda. Ni ma ina da nawa, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara fiye da ashirin yana su a wani ƙauye kusa da Yeji, kuma na taɓa jefa shi cikin haɗari da ɗan guntun sanina. Labarin da na kawo muku ke nan yau.

Kwalekwalen Kawu ƙarami ne, na katako, ba shi da inji. Da hannu ake tuƙa shi, in kuwa iska ta yi daɗi sai ya kafa gora ya ɗaura mata buhunan fulawa da aka ɗinke wuri guda, iska ta tura shi. Abin da yake bukata na wuta bai taka kara ya karya ba: fitila biyu, cajin wayar salula tasa da ta yaransa biyu, sai ɗan rediyo. Sai dai wanda bai san tafkin ba shi zai raina wannan bukata. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, ruwan ya mamaye ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya ci garuruwa har da tsohon garin Kete Krachi, ya ci daji ba tare da an sare itatuwansa ba. Har yau kututturan nan suna tsaye, wasu sun leƙo sama, wasu suna ɓoye ƙarƙashin ruwa kamar mashi, kuma an sha yin asarar rayuka a kansu. Mutumin da dare ya riska a tsakiyar irin wannan ruwa, fitilarsa ita ce idonsa, ita ce kuma take hana babban jirgi mai inji ya bi ta kansa. Wayarsa kuwa ita ce muryarsa. Kada a ɗauka fitilar ta jawo kifi ce, domin ƙa'idojin kamun kifi na Ghana na 2010 sun hana su da hasken wuta, kuma Kawu ba ya cikin masu wannan ɗabi'a.

Shekara uku da suka wuce ya zo Kumasi ɗaurin aure, ya ce mini ya gaji da kai batir caji cikin gari, yana so ya gwada farantin sola. Na raka shi kasuwa muka sayi mai wat 50. Mai kantin ya nuna mana wata 'yar na'ura kamar tafin hannu, ya ce mu haɗa da ita. Ni kuma, da yake na yi kimiyya a sakandare, na ɗauka dabarar cin kuɗi ce. Na ce, "Kawu, bar shi. A jikin farantin an rubuta bolt 12, batirinka ma bolt 12 ne. Jar waya ga ja, baƙa ga baƙa, magana ta ƙare." Ya ce, "To, ɗana, ku ne masu boko." Ya koma ya yi yadda na ce.

Wata biyar abin yana aiki, har yana bugo waya yana sa mini albarka. Ana nan sai batirin ya fara zafi da rana, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, cikinsa ya ɗan kumbura. Wani dare a farkon damina hadari ya taso musu suna nesa da gaɓa. Suka kunna fitila, ta yi minti kaɗan ta dushe. Wayoyinsu duka uku suna jiran cajin da babu shi. Haka suka sauke buhunan, suka lalubi wani kututture a cikin duhu suka ɗaure kwalekwalen, suna kwarfar ruwa da ƙwarya har gari ya waye. A daren nan matarsa ta kira mahaifiyata ya fi sau goma. Ban taɓa ganin tsohuwar nan cikin irin wannan hali ba, ni kuwa ina zaune kusa da ita na san bakin wa ya jawo. Allah ya tsare, sun dawo lafiya. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Bayan kwana biyu na tafi Suame Magazine wajen wani tsohon mai gyaran wutar mota, na kwashe labari na gaya masa. Bai ce mini komai ba. Ya ɗauko wani faranti irin namu ya shanya a rana, ya ɗora masa mita, ya ce, "Malam, karanta." Na duba, sai ga bolt 21 da 'yan kai. Na ce, "Masta, ai 12 aka rubuta." Ya ce sunan ke nan, kamar yadda ake kiran mutum Dogo ko da ya tsufa ya ranƙwafa.

Ga yadda abin yake. Farantin da ake kira mai bolt 12 yawanci ƙananan gidaje 36 ne a jere a cikinsa, kowanne yana ba da wajen rabin bolt. In ba a haɗa shi da komai ba yakan nuna 21 ko 22, in yana aiki kuma yana iya turawa har 17 ko 18. Da gangan aka yi shi haka, domin wuta kamar ruwa take, ba ta gangarawa sai daga tudu zuwa kwari, dole farantin ya fi batir ƙarfi kafin ya iya cika shi. Shi kuwa batir irin na dalma da asid, wanda Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859 kuma har yau shi ne a motocinmu, yana da iyakar abin da cikinsa zai ɗauka. In yana caji ya kai wajen 14.4, ya ƙoshi, sai a sassauta masa a riƙe shi a wajen 13.6. In aka ci gaba da ɗura masa, wutar da ta yi yawa sai ta koma farfasa ruwan da ke cikinsa, ya zama iska ya fice. Ruwa ya ja baya, dalmar ta fito fili ta bushe, batir ya mutu a tsaye alhali daga waje ba a ganin komai. Iskar da take fita kuma, haidirojin, tartsatsi ɗaya take jira. Abin da na sa aka yi wa batirin Kawu ke nan kullum rana ta take, wata biyar cur.

'Yar na'urar nan da na raina, kwantirola, aikinta ke nan: ta zauna tsakanin faranti da batir kamar mai rabon abinci a gidan biki, ta zuba in da wuri, ta tsaya in an ƙoshi. Da dare tana rufe ƙofa don kada wutar batir ta sulale ta koma cikin farantin. Tana da aiki na uku wanda mutane ba su cika lura da shi ba. In aka bi ta cikinta aka haɗa fitilu da caji, to batir na yin ƙasa zuwa wajen bolt 11 sai ta yanke wutar da kanta. Ran mutum zai ɓaci a lokacin, amma gata ta yi masa, domin batirin dalma ba abin da yake tsufar da shi kamar a tatse shi ƙarƙaf a bar shi ya kwana a haka. Iri biyu ake sayarwa, PWM da MPPT. Ta biyun ta fi iya tatsar faranti, ta kuma fi tsada nesa ba kusa ba. A ganina, ga faranti ɗaya mai wat 50, ɓarnar kuɗi ce. Ƙaramar PWM mai amfiya 10 ta isa har ta yi saura, kuma da yawansu suna da ramin cajin salula a jikinsu.

Sai Masta ya tambaye ni, "Fiyus nawa kuka sa?" Na yi shiru. Ya girgiza kai ya ce wannan ya fi na farkon muni, don rashin kwantirola batir yake kashewa, rashin fiyus kuwa mutum yake kashewa.

A nan ne na fahimci abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Kowa tsoron farantin yake ji, saboda shi ne baƙo, shi ne mai ƙyalli. Alhali faranti mai wat 50, ko an haɗa wayoyinsa biyu baki da baki, abin da zai fitar bai wuce amfiya 3 da ɗan kai ba. Batirin nan baƙi da yake zaune shiru a lungu shi ne zakin. In jar wayarsa ta goge ta taɓa baƙar, amfiya ɗaruruwa zai saki a lokaci guda, wayar ta yi jajir, robar jikinta ta kama da wuta, a cikin jirgin katako mai cike da taru na roba, wani ma da jarkar fetur a gefe. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya riga wayar ƙonewa. Saboda haka wurinsa a kan jar waya ne, daf da kan batir, kada tazarar ta wuce taƙi guda, domin duk abin da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaronsa. Irin na mota mai amfiya 10 ya yi, a cikin gidansa mai murfi. In ya ƙone, sai a nemi dalili a sa sabo. Al'adar nan tamu ta naɗa masa zaren waya ko takardar sigari don wuta ta dawo, daidai take da a kori mai gadi don yana yawan tashin mutane daga barci.

Da na samu hutu na ɗauki kayan na hau mota zuwa Yeji, tafiyar kilomita fiye da 200. Kafin mu taɓa waya sai da muka zauna da Kawu muka yi lissafi a ƙasa da tsinke. Fitila biyu masu wat 3, awa shida kowace, sun ci wajen amfiya-awa 3. Wayoyi uku, a ce 4. Rediyo, 1. Jimla 8 a kwana. Farantin yana ba da kusan amfiya 2.8 in rana ta buɗe sosai, kuma ko da yake rana takan yini, ƙarfinta in an tattara bai cika wuce na awa huɗu zuwa biyar ba, wato wajen 11 ke nan a yini in an yi lissafin tsantseni. Shiga ta fi fita, alhamdu lillahi. Batir muka sami mai amfiya-awa 40, irin wanda aka yi don sola. Na mota an yi shi ne don ya yi kukan kura sau ɗaya ya tayar da inji, ba ya jure a riƙa tsotsarsa dare bayan dare. Tun da rabin cikin batir kawai ya kamata a riƙa ci, muna da 20, abincin kwana biyu da rabi ko da rana ta ƙi fitowa.

Haɗin kansa bai ɗauke mu awa guda ba, amma yana da tsari, kuma wanda ya saɓa tsarin zai iya ƙona kwantirola tun ba a fara ba. Na fara cire zoben azurfar da ke hannuna, don ƙarfe ne, in ya haɗa kan batir da sifana yatsa zai gasa. Muka lulluɓe farantin da buhu don ya yi barci. Muka zare fiyus daga gidansa. Sannan muka ja waya biyu daga batir zuwa ramuka biyun da aka zana hoton batir a kansu a jikin kwantirola, ja ga mai alamar tarawa, baƙa ga mai alamar ɗebewa, muka ɗaure tamau, muka mayar da fiyus. Fuskar na'urar ta kawo haske ta nuna 12.6. Dalilin fara haɗa batir shi ne, daga gare shi kwantirola take samun wutar da za ta farka, daga gare shi kuma take gane ko gidan na bolt 12 ne ko na 24. In faranti ya riga shiga, sai ta farka cikin ruɗu. Bayan haka muka ɗaga buhun kaɗan muka gwada wayoyin farantin da mita, domin launin waya yakan yi ƙarya, musamman in an taɓa yi mata ƙari. In mita ta nuna alamar ɗebewa a gaban lambar, an juya su ke nan. Muka sake rufewa, muka haɗa, muka yaye buhun, lambar ta fara hawa a hankali, 12.9, 13.2. Fitilu su ne na ƙarshe. Ranar da za a kwance kuwa, daga ƙarshe ake farowa: fitilu, faranti, sannan batir. Na sa babban yaron Kawu ya maimaita mini wannan sau uku kamar hadda.

Maganar waya ma ba ta wasa ba ce. Wutar bolt 12 ba ta da rarar da za ta zubar a hanya, siririyar waya mai tsawo kuwa shanye ta take yi. Muka yi amfani da mai kaurin milimita 2.5, muka kuma matso da komai kusa da juna yadda ba inda ya wuce mita uku. A yi hattara da wata waya mai araha da ta cika kasuwa, wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. A kankare ta da wuƙa, in ta yi fari a ajiye ta, don a wuri mai laima ba ta daɗewa take zama gari. Maƙalan nan masu baki kamar na kada, waɗanda Kawu yake ta fama da su a da, mun jefar da su. Igiyar ruwa ɗaya ce take kuɓutar da su su yi tartsatsi. Muka sa masu zobe da noti, muka shafe kawunan batir da basilin.

Inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne mazaunin farantin. Kawu yana so ya zauna a tsakiya, gindin gora, inda ido zai riƙa kai masa. Na ce inuwar buhunan za ta faɗa masa. Ya ce ai gefe ɗaya kawai za ta rufe, sauran ya yi aiki. Sai na tuna masa cewa gidajen nan 36 a jere suke kamar ayari, kuma ayari ba ya wuce saurin jakin da ya fi gajiya. Bai yarda ba sai da na ɗora tafin hannuna a kan kusurwa ɗaya, ya ga lambar amfiya ta faɗo warwas da idonsa. Ya yi dariya ya ce, "Yau kam bokon naka ya yi rana." Muka kai shi can ƙarshen kwalekwalen ta baya, muka ɗaure a kan katako biyu yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa, don faranti in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. A ƙasarmu rana kusan ta tsakiyar ka take bi, saboda haka kwanciya ta fi masa, da ɗan karkata kaɗan don ruwan sama ya wanke shi ya gangara. Da hunturu kuwa, lokacin da hazo yake rufe tafkin har ba a hango gaɓar Makango, sai an bi shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya. Ƙura da kashin tsuntsu da ɓawon kifi duk inuwa ce.

Batirin muka sa shi a cikin akwatin roba, muka ɗaga shi daga ƙasan jirgi inda ruwa yake taruwa, muka ɗaure da igiya, muka huda murfin ta gefe don ya sha iska. Kwantirola ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. Muka kafa ta a cikin wata robar abinci mai murfi, wayoyin suka shiga ta ƙasa, kowace da ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya, don ɗigon da ya biyo waya ya zube kafin ya kai ciki. Na bar wa Kawu mitata. Na ce da asuba, kafin rana ta taɓa farantin kuma ba a kunna komai ba, in ya ga 12.6 ko 12.7 batir cike yake, in ya ga 12.1 ya kai rabi, a kashe rediyo a bar wa fitila. In batirin mai murafu ne, a leƙa ruwansa duk wata, a ƙara ruwan batir tsantsa, ban da na tafki, ban da asid.

Duk abin da na faɗa game da kwalekwale, haka yake ga ɗakinki, Hajiya, da shagonka, Alhaji. Tun shekarun dumsor, daga 2012 zuwa 2016, faranti ya hau rufin gidaje da yawa a Zango da Aboabo da Asawase, farashinsa kuma ya faɗi ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Na shiga gidajen da na ga batir a ƙarƙashin gadon yara, waya tsirara ta taho masa kai tsaye daga taga. In naku haka yake, a duba shi yau.

Saura tsohon batirin da na kashe. Na tarar yaran Kawu sun ajiye shi za su fasa su narka dalmar su yi wa taru nauyi, a kan murhun da ake dafa abinci. Na hana. Dalma guba ce da ba ta wari ba ta ɗaci, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara ci. Wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, ba zai so hayaƙinta ya ratsa tsakar gidansa ba. Na naɗe shi da buhu na sa a bayan mota, ya biyo ni har Kumasi. Masta ya karɓa ya haɗa da waɗanda yake tarawa masu saye, ya ɗora shi a sikeli, ya ƙirgo 'yan sidi ya miƙo mini. Washegari na tura wa Kawu kuɗin ta waya, na ƙara masa da na fiyus biyar na ajiya.